Man Fitila da Dukiyar Amana: Nazarin Misalan Shirin Lahira a Linjilar Matiyu

Unguwar Badarawa tana arewacin Kogin Kaduna, a Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa, maƙwabciyar Malali da Unguwar Dosa. Wanda ya girma a wannan yanki kafin shekarar 2000 ya san Kirista a matsayin abokin haya da abokin layi. Wanda aka haifa bayan haka kuwa galibi a ofis ko a kasuwa ya san shi, ko kuma a faifan muhawara. Rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002 sun sa mutane da yawa sun sauya matsuguni, har kogin ya zama tamkar iyaka: Musulmi suka rinjaya a arewa, Kiristoci suka tattaru a Sabon Tasha da Narayi da makamantansu. Duk da haka arewacin birnin bai rasa coci-coci ba, kuma Hausa na cikin harsunan da ake wa'azi da su. Saboda haka ɗalibin da ya taso daga darasin Risala yana iya wucewa ta gefen ginin da ake karanta wani nassi a cikinsa da harshensa na haihuwa, nassin da ke magana a kan amana da hisabi da tashin alƙiyama, alhali bai san komai daga cikinsa ba sai guntayen da masu muhawara suka tsinto domin kayar da abokin gardama.

Wannan nassi ba baƙo ba ne a Hausa. Tun a 1857 aka buga Linjilar Matiyu da Hausa, fassarar wani ɗan mishan Bajamushe mai suna James Frederick Schön, wanda ya ƙara gogewa a harshen ta wajen Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da ya bi Heinrich Barth zuwa Ingila. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito a 1932, da hannun Likita Walter Miller na Zariya da Wusasa a cikin aikin, sannan wata sabuwar fassara ta biyo baya a wajajen 1980. Kalmar da aka san waɗannan labarai da ita a Hausa ita ce misali, wadda ta fito daga tushe ɗaya da amsalul Ƙur'ani da Ibnul Ƙayyim da wasunsa suka yi rubutu a kansu.

Duba littafin Ahlul Kitabi da idon nazari ba bidi'a ba ce a wurin malamai. Najmuddin Aɗ-Ɗufi, wanda ya rasu a 716 bayan Hijira, ya yi ta'aliƙi a kan Linjiloli huɗu. Burhanuddin Al-Biƙa'i, wanda ya rasu a 885, ya ciro nassoshi masu yawa daga Attaura da Linjila a tafsirinsa Nazmud Durar, da Sakhawi ya soke shi a kan haka sai ya rubuta littafi guda na kare kansa. Ma'aunin kuma sananne ne, shi ne wanda Ibnu Taimiyya ya shimfiɗa, Ibnu Kasir ya ɗauka a gabatarwar tafsirinsa: abin da wahayin ƙarshe ya gaskata ana karɓarsa, abin da ya ƙaryata ana jefar da shi, abin da ya yi shiru a kansa ba a gaskata shi ba a ƙaryata shi. Babi na 25 na Matiyu wuri ne da waɗannan kashi uku suka haɗu a shafi guda, shi ya sa ya cancanci a tsaya a kansa.

Labarin farko na 'yan mata goma ne da suka fita da fitilu domin tarbar ango. Biyar sun riƙo mai a gora, biyar ba su riƙo ba. Ango ya yi jinkiri, barci ya kwashe su duka. Da tsakar dare aka yi shelar isowarsa, marasa guzuri suka ga fitilunsu na mutuwa, suka roƙi 'yan'uwansu, aka hana su da hujjar cewa man ba zai ishi kowa ba. Kafin su dawo daga wurin masu sayarwa an shiga gidan biki an rufe ƙofa, ango kuma ya ce bai san su ba. Bahaushen da ya taɓa ganin ƙawayen amarya suna jira da dare, ko ya taɓa zama da aci-balbal, ba ya buƙatar sharhi kafin hoton ya zauna masa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da yawancin masu wa'azi suke tsallakewa shi ne cewa duka goman sun yi barci. Jumlar da aka rufe labarin da ita tana umarni da zama a faɗake, amma masu hankalin ma ba su zauna a faɗake ba, kuma ba a zarge su da haka ba. Masu binciken Linjila irin su Joachim Jeremias, wanda littafinsa kan misalan Yesu ya fito a 1947, sun lura da wannan rashin dacewa, suka ɗauki jumlar a matsayin ƙari daga hannun mai tsara littafin. Ko an yarda da su ko ba a yarda ba, labarin da kansa ya nuna cewa shirin da ake nufi tanadi ne da aka yi tun da rana, wanda yake nan ko mai shi yana barci. Wannan ya yi daidai da amsar da Manzon Allah (SAW) ya ba mutumin da ya tambaye shi lokacin tashin alƙiyama, a hadisin Anas da ke cikin Bukhari da Muslim, inda ya mayar masa da tambayar a kan abin da ya tanadar mata.

Mahaddacin Alƙur'ani ba zai karanta wannan labari ba face Suratul Hadid ta faɗo masa, aya ta 12 zuwa ta 15. A can munafukai suke roƙon muminai su dakata su samu rabo daga haskensu, a ce musu su koma baya su nemi haske, sai a gitta katanga mai ƙofa a tsakaninsu. Haske, roƙo, hani, komawa baya, ƙofa: gaɓoɓin duk suna nan. Wasu masu nazarin gabas sun ɗauki wannan kamanni hujjar aro. Musulmi kuwa yana ganinsa ragowar gaskiyar da aka saukar wa Annabi Isa (AS), wadda Alƙur'ani ya zo yana mai gaskata ta kuma mai tsaro a kanta, kamar yadda aya ta 48 ta Suratul Ma'ida ta siffanta shi. Amma bambancin ya fi kamannin amfani ga mai nazari. Alƙur'ani ya ambaci dalilin rashin hasken filla-filla: fitinar kai, da jiran sharri ya auka wa muminai, da shakka, da ruɗuwa da gurace-gurace. Matiyu bai faɗi abin da man yake nufi ba, kuma wannan shiru ya bar Kiristoci suna ja-in-ja ƙarni bayan ƙarni. Yohana Kirisostom, wanda ya mutu a 407, ya ce sadaka ce da jin ƙan matalauta. Agustin, wanda ya mutu a 430, ya ce ƙauna ce. Martin Luther, a ƙarni na 16, ya ce bangaskiya ce, fitila marar mai kuma aiki ne marar bangaskiya.

Siyaƙin babin yana tare da Kirisostom. Babin ya ƙare ne da hisabi a kan ciyarwa da tufatarwa da gaida marar lafiya, kuma a babi na 7 na littafin an yi amfani da irin wannan musun sani a kan waɗanda suke kiran Ubangiji da baki ba sa aikata nufin Allah. Tafsirin Luther ya fi kama da aƙidar da aka shigo da ita daga wasiƙun Bulus aka ɗora wa Matiyu. Sai dai adalci ya wajabta a faɗi wani abu a nan, domin kuskure ne da ya yaɗu a bakin matasa masu muhawara: cewa Kirista bai yarda aiki yana da wani matsayi ba. Katolika sun tabbatar da matsayin aiki a Majalisar Tirent a 1547, 'yan Furotesta da yawa suna cewa aiki 'ya'yan bangaskiya ne waɗanda rashinsu ke nuna itacen ya mutu, kuma a 1999 ɓangaren Katolika da na mabiya Luther sun sa hannu a kan matsaya guda game da wannan batu a birnin Augsburg na Jamus. Musulmi ma sun sha irin wannan gardama tsakanin Murji'a da Mu'utazila da Ahlus Sunna, kuma hadisi ya inganta cewa aikin mutum shi kaɗai ba ya shigar da shi Aljanna sai da rahamar Allah. Inda tambayar take da nauyi shi ne wani wuri daban. Man fitila ba ya aruwa. Masu hankali ba rowa suka yi ba, abin ne ba ya karɓar rabo, kamar yadda aya ta 164 ta Suratul An'am ta tabbatar cewa wata rai ba ta ɗaukar nauyin wata. Yadda za a haɗa wannan da aƙidar fansa, wadda ginshiƙinta shi ne wani ya ɗauki zunubin wani, aiki ne da ya rage a kan malaman Kirista, kuma labarin bai sauƙaƙa musu shi ba.

Labari na biyu ya fi na farko wadatar abin tattaunawa ga ɗalibin fiƙihu. Wani mai dukiya zai yi tafiya, ya damƙa wa bayinsa uku kuɗi, ɗaya talanti biyar, ɗaya biyu, ɗaya guda, kowa gwargwadon iyawarsa. Na farko da na biyu suka juya kuɗin suka ninka su. Na uku ya haƙa rami ya binne nasa. Da maigidan ya dawo bayan dogon lokaci, ya yaba wa biyun da kalmomi iri ɗaya, duk da ribarsu ba ɗaya ba ce, ya ƙwace na ukun ya sa aka jefa shi waje. Talanti ba ƙaramin kuɗi ba ne. Ana ƙiyasta shi da dinari 6,000 na Rumawa, dinari ɗaya kuma ladan yinin ɗan ƙodago ne, wato abin da aka ba bawan ƙarshe ya kusan kai ladan shekara 20. Bai isa ya ce an raina shi ba. Daga wannan labari ne kalmar ta shiga harsunan Turai da ma'anar baiwa, kuma daga nan wa'azin zamani ya karkata zuwa cewa Allah ya ba kowa wata baiwa da ya kamata ya ci gajiyarta. Masu wa'azin arziki, waɗanda muryarsu ta yi ƙarfi a Nijeriya tun shekarun 1980, sun ƙara nisa, suka mayar da labarin darasin jari da riba. Nassin bai ba su wannan ba, domin babu kobo ɗaya na ribar da ya zama mallakin bayin da suka nemo ta. Duk sun kawo ta gaban mai dukiya, ladansu kuma ƙarin nauyi ne da aka ɗora musu.

Faƙihi zai fara da tambaya guda: wane irin ƙulli ne tsakanin maigidan da bayinsa, ajiya ce ko ƙiradi? Idan ajiya ce, bawa na uku bai yi laifi ba. A Risalar Ibnu Abi Zaid, wanda aka ba ajiya ba ya lamuni sai idan ya ƙetare iyaka, kuma yin kasuwanci da ita makaruhi ne. A shari'ar Yahudawa ma, kamar yadda ya zo a Talmud, binne kuɗi a ƙasa shi ne tsaron da ake ɗauka cikakke. Wato masu sauraron farko za su iya ganin wannan bawa mutum ne mai taka tsantsan. Luka, a babi na 19, ya kawo labari mai kama da wannan, a can kuma maigidan ya ba da umarnin kasuwanci a fili, sai matsalar ta warware. Matiyu bai kawo umarnin ba. Abin da ya kawo shi ne rabo gwargwadon iyawa, wanda ba shi da ma'ana idan adanawa kawai ake nufi, domin rami ɗaya yana ɗaukar talanti biyar kamar yadda yake ɗaukar guda. Ƙarina ce da ke nuna an ba da dukiyar ne domin a juya ta. Sunna tana da misalan irin wannan fahimta ta amana. A hadisin mutum uku da dutse ya rufe a kogo, ɗayansu ya yi tawassuli da cewa ya juya ladan wani ɗan ƙodago har ya zama garke, kuma ya miƙa masa duka. Urwatul Bariƙi an ba shi dinari ɗaya ya sayo akuya, ya dawo da akuya da dinarin, aka yi masa addu'ar albarka. A Muwaɗɗa kuma Sayyidina Umar ya yi umarni a yi kasuwanci da dukiyar marayu don kada zakka ta cinye ta.

Wurare biyu ne mai karatu Musulmi zai tsaya cak. Na farko, maigidan ya ce wa bawan da ya kai kuɗin wurin masu canji da ya same su da ƙari, kuma kalmar Girkancin da aka yi amfani da ita ta riba ce tsantsa. Attaura kanta ta hana riba tsakanin Bani Isra'ila, a Littafin Fitowa da na Firistoci da na Maimaitawar Shari'a. Na biyu, bawan ya siffanta maigidansa da cewa mutum ne mai tsanani da ke girbin abin da bai shuka ba, maigidan kuma ya kama shi da maganar bakinsa ba tare da ya tsaya wanke kansa ba. Idan maigidan yana wakiltar Allah a kowace gaɓa, to an jingina wa Allah abin da Ya tsarkaka daga gare shi. Adolf Jülicher, a ƙarshen ƙarni na 19, ya kare misalan da cewa kowannensu manufa ɗaya yake nufa, ba a matsa kowane ɓangare sai ya ba da ma'ana. Wannan ƙa'ida ce da masana balaga suka sani a babin tashbihi na tamsili, inda ake kwatanta yanayi da yanayi, ba gaɓa da gaɓa ba, don haka bai kamata a yi gaggawar cewa Linjila ta halatta riba ba. Duk da haka Alƙur'ani ya fi kiyaye wannan ƙofa. Suratun Nahl, aya ta 74, ta hana buga wa Allah misalai, kuma labaran Alƙur'ani irin na masu gona a Suratul Ƙalam da mai gonaki biyu a Suratul Kahf suna barin Mahalicci a wajen hoton, ba a sa Shi cikin rigar wani attajiri. Da alama Kiristocin farko ma sun ji nauyin hukuncin da aka yanke wa mai binnewa. Yusibiyus, masanin tarihin coci na ƙarni na 4, ya ambaci wata Linjila da haruffan Ibrananci wadda a cikinta bayin suka kasu daban: ɗaya ya ninka dukiyar, ɗaya ya ɓoye, ɗaya ya cinye ta a shashanci, kuma Yusibiyus ya karkata ga cewa wannan na ƙarshen ne ya cancanci kurkuku.

Abin da ya rage bayan an tace labarin yana da ƙarfi. Laifin bawan ya faro ne daga mummunan zato ga ubangidansa, zaton ya haifi tsoro, tsoron ya haifi zaman banza da aka yi wa ado da sunan tsantseni. Hadisi ƙudusi ya zo cewa Allah yana tare da zaton bawansa gare Shi. Malamin da ya ɓoye iliminsa don gudun kuskure, da mai hali da ya ƙi shiga gyaran unguwa don gudun surutu, duk labarin ya taɓa su.

Sau uku aka ambaci jinkiri a wannan yanki na Matiyu: a aya ta 48 ta babi na 24, da ta 5 da ta 19 na babi na 25. Galibin masu bincike suna ganin an rubuta littafin tsakanin shekara ta 80 da ta 90 miladiyya, lokacin da al'ummar Kirista ta fara jin nauyin rashin dawowar da take tsammani a kusa, kuma Jeremias yana ganin an sake tsara misalan ne domin su amsa wannan damuwa. A nan ne ake samun jumlar da ta fi kowace nauyi ga mai nazarin aƙida. Markus, babi na 13 aya ta 32, ya ruwaito Annabi Isa (AS) yana kore sanin lokacin Sa'a daga mala'iku, yana kuma kore shi daga kansa. Matiyu yana da irinta a aya ta 36 ta babi na 24, sai dai wasu kwafe-kwafen sun rasa ɓangaren da ya shafi Isa, alhali tsofaffin kwafe-kwafe na Sinai da na Batikan, na ƙarni na 4, suna da shi. Malaman Kirista sun amsa da cewa rashin sanin na ɗabi'arsa ta mutuntaka ne. Musulmi yana jin muryar annabi a cikinta, irin amsar da aka ba Jibrilu a hadisinsa, da abin da aya ta 187 ta Suratul A'araf ta tabbatar.

Wannan jumla ce take sa ƙarshen babin ya zama wurin rabuwa. Hoton hisabi ne: ana ware mutane dama da hagu kamar yadda makiyayi ke ware tumaki daga awaki, ma'aunin kuma yunwa da ƙishirwa da baƙunci da tsiraici da ciwo da kurkuku, wa ya kai ɗauki wa ya kau da kai. Mai hukuncin yana ɗaukar abin da aka yi wa mabuƙaci tamkar shi aka yi wa. Muslim ya ruwaito hadisi ƙudusi daga Abu Huraira mai kama da wannan ƙwarai, inda Allah yake tuhumar ɗan Adam a kan marar lafiyar da bai gaida ba, da mai yunwa da mai ƙishirwar da bai kula ba. Abin da aka umarta ya dace. Wanda aka zaunar a kujerar hukunci ne bai dace ba. A hadisin Allah ne, kuma bawan yana amsawa da mamakin yadda Ubangijin talikai zai buƙaci wani abu, wato an tsare tauhidi a cikin labarin kansa. A Matiyu kuwa Ɗan Mutum ne, wanda babi ɗaya kafin nan ya ce bai san ranar ba. Wannan kashi ne na abin da wahayin ƙarshe ya ƙaryata, domin Fatiha ta keɓe mulkin ranar sakamako ga Allah, kuma ƙarshen Suratul Ma'ida ya nuna Isa (AS) a wannan rana yana cikin waɗanda ake tambaya.

Akwai gardama guda da ta rage a cikin wannan hoto, kuma ta shafi birni irin Kaduna kai tsaye. Mai hukuncin ya kira mabuƙatan mafiya ƙanƙanta cikin 'yan'uwansa. Su wane ne? Da yawa daga masu sharhi na dā, da wasu na yanzu, sun ce mabiyansa ne kawai, domin haka Matiyu yake amfani da kalmar ɗan'uwa a wasu wurare. Wasu, musamman a ƙarni na 20, sun ce kowane mabuƙaci ne ko mene ne addininsa. A bisa fassarar farko, nassin bai ce komai ba game da haƙƙin Musulmin da ya rage a Narayi. A bisa ta biyu, yana cikin waɗanda za a tambayi maƙwabtansa a kansu. Irin wannan tambaya tana jiran mazaunin Badarawa game da Kiristan da bai tashi ba, kuma littattafan da ke hannunsa ba su bar ta a buɗe ba. Ƙurɗubi, a tafsirin aya ta 36 ta Suratun Nisa'i, ya ce wasiyya da maƙwabci ta haɗa Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Abu Dawud da Tirmizi kuma sun ruwaito cewa an yanka wa Abdullahi ɗan Amru akuya a gidansa, da ya shigo sai ya tambayi iyalinsa ko an kai wa maƙwabcinsu Bayahude rabonsa.